Tukunyar Tsamin Inna Hauwa

Kofin kunun ya bugi ƙarfen gado, ya fantsama a zanin Safinatu har ya taɓa ƙafar matar da ke jinyar 'yarta a gadon kusa. Inna Hauwa ta mayar da hannunta mai lafiya cikin mayafi, ta juya fuska bango. Ɗan ƙarfin da ya rage mata ke nan a duniya, shi ma a ture abinci take ƙarar da shi.

"Inna, don girman Allah, ko cokali ɗaya," in ji Safinatu.

Tsohuwar ta motsa leɓe, ta yi wata magana da harshen da babu mai jin sa a duk faɗin asibitin Bodinga. Tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye, Hausar da ta shekara arba'in tana ciniki da faɗa da ita ta gudu ta bar ta, sai yaren uwarta kawai.

Sista Ladi ta iso da tsumma, ta tsuguna ta goge ƙasa da kanta, sannan ta ja Safinatu gefe.

"Likita ya ce in la'asar ta yi ba ta sa komai a cikinta ba, za a mayar da robar hancin. Kuma wannan karon sai an ɗaure hannun a jikin gado."

"A ɗaure ta kamar akuya?"

"Ni ma ba da son raina ba. Sau biyu tana fizge robar, kin ga jinin da idonki. Jijiyoyinta sun ɓuya, ƙarin ruwan ma da ƙyar yake shiga. In aka bar ta haka, ba za ta kai mako ba."

Safinatu ta dubi surukarta, farin gashi a baje kan matashi, hannun nan da shi kaɗai ke motsi. Ta san matar nan. In aka ɗaure ta, robar ba za ta yi komai ba, baƙin ciki ne zai riga yunwa kashe ta.

Kowa a Shagari ya san Inna Hauwa. Marigayi Alhaji Na'Allah ne ya tafi ƙasar Poland karatun aikin ruwa yana saurayi, ya dawo da takarda a hannu da Baturiya a bayansa. Halina sunanta na yanka, amma da ta musulunta aka sa mata Hauwa. Mutane suka ce zafin bazara ɗaya zai kore ta. Masu faɗin haka da yawa sun riga ta kwanciya, ita tana nan tana daka da surfe, tana yi wa mahauta tsiya a kan nama. Safinatu kuwa ta shigo gidan marainiya, matar ɗansu tilo Abdulaziz, ta tarar da uwa a inda ta zaci za ta tarar da suruka. Inna ce ta riƙe mata hannu a naƙudar fari, ita ta koya mata keken ɗinki, ita ke shiga tsakani in sun saɓa da mijinta, kuma kullum bayan Safinatu take bi. Da Alhaji ya rasu a farkon damina, Inna ta shiga takaba, ta fara tsakurar abinci, daga baya ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinta. Aka kawo ta Bodinga don a nan likitan da ya saba duba ta yake.

Babu abin da Safinatu ba ta gwada ba. Fura da nono, farfesun kaza, fate, shayi mai kauri, har lemon kwali. Rubutu ma an kawo daga wajen malamai, tsohuwar ta datse haƙora. Yau Safinatu ta tashi da azumin nafila, da niyyar Allah ya buɗe bakin Inna, don ta rasa abin da za ta ƙara yi.

Ta fita baranda ta kira mijinta. Abdulaziz na hanya daga Kalaba inda yake aiki, motarsu ta lalace a wajen Lokoja, muryarsa na zuwa tana yankewa.

"Za su ɗaure ta, Baban Nana. Da la'asar."

Sai ya ce, "Kin gwada jurek?"

"Miyar tsamin nan?"

"Ita. Tun ina yaro, ko zazzaɓi ya kayar da ita, ita kaɗai ke wuce maƙogwaronta. Tukunyar na bayan ɗakinta, ƙarƙashin rumfa. Ki ɗebo tsamin ki dafa mata. Safinatu, ki riƙe mini ita har in iso, ina roƙonki."

Kunya ta kama ta, don abin bai ko faɗo mata a rai ba. Miyar nan ita ce abu ɗaya da ta taɓa ƙi daga hannun Inna. Garin dawa ne ake jiƙawa da ruwan ɗumi da tafarnuwa, a rufe shi kwana da kwanaki har ya yi tsami yana kumfa, sannan a dafa shi da nama da dankalin Turawa da ƙwai. A can ƙasarsu, in ji Inna, da garin wani hatsi mai kama da alkama ake yi, da naman da ba ya shiga gidan Musulmi. A Shagari ta mayar da shi dawa da bandar saniya. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ita da Alhaji sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, kwano ɗaya, cokali biyu, abin da ya sa dangi suka yi shekaru suna gulma, wai namiji da girmansa yana cin abinci da mace a kwano guda. Sau nawa Inna ta miƙo mata cokali tana cewa, "Zo ki taɓa, ɗiyata," ita kuwa ta toshe hanci da gefen gyale tana dariya, ta ce ta ƙoshi.

Ta roƙi matar gadon kusa, wata 'yar garin Kajiji mai yawan shiru, ta sa mata ido a kan Inna. Ta fita da sauri har ta manta jakarta, sai da ta dawo.

Motar Shagari ta ƙi cika. Direba na zaune kan benci yana sakace, kamar duniya ba ta da wani aiki sai jiransa. Safinatu ta fita ta tare babur ɗin kabu-kabu, abin da ba ta taɓa yi ba a tafiya mai nisa haka. Suka bi titi, gero ya yi tsawo hagu da dama, iska na fizgar hijabinta, ita kuwa bakinta bai daina salati ba. Tsoro take ji sosai.

Ta shiga gida ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta wuce bayan ɗakin Inna. Ƙarƙashin rumfar babu komai sai zoben da gindin tukunya ya bari a ƙasa. Ta waiga, sai ga tukunyar can gindin darbejiya, an wanke ta tas, an zuba ruwa, kaji na sha.

"Mi kike biɗa haka kamar an koro ki?"

Goggo Ummukulsum ce, yayar marigayi, wadda ta tare a gidan tun rasuwa. Tana zaune kan turmi tana jan carbi.

"Goggo, abin da ke cikin tukunyar nan fa?"

"Na zubda shi. Tun ranar sadakar bakwai."

"Kin zubar?"

"Awo. Gida cike da malamai da manyan gari, wani abu na tashi bayan ɗaki kamar burkutu. So kike a fita a ce gidan Na'Allah ana dafa giya, shi ko yana kwance kabari bai iya kare kansa? Na rufa wa ƙanena asiri."

"Ba giya ba ce, Goggo. Alhaji da kansa ya kai wa malamai sun duba tun kafin a haife ni. Sun ce daidai take da koko."

"Malamai sunka duba, amma hancin mutane bai duba ba."

Safinatu ta zauna a ƙasa, nan inda take, ba tabarma. Inna ta taɓa gaya mata cewa ba a bari tukunyar ta ƙare. Kullum sai an rage kaɗan a gindi a zuba sabon gari, yadda Fulani ke rage tsohon nono a ƙwarya don sabo ya kama. Na farkon kuwa a 'yar kwalba ta zo da shi, daga madafin uwarta. Shekara arba'in tana ciyar da abin nan kamar jariri.

"Inna ta gani?" ta tambaya.

Carbin Goggo ya tsaya. "Tana tsaye bakin ƙofa. Ba ta ce mini komi ba."

Safinatu ta tuna ranar. Tana ta kai da kawo da kwanukan baƙi, ta bi ta bayan ɗakin ta ji babu warin nan, har ta ji daɗi a ranta, ba ta tambayi dalili ba. Washegari ne Inna ta fara dawo da tuwonta ba ta taɓa ba, kowa ya ce ai zafin mutuwa ne.

Ta fashe da kuka, irin na wanda ya iso tasha mota ta tashi. Sabon tsami sai ya kwana huɗu ko biyar kafin ya kama, ita kuwa la'asar aka ba ta. Goggo ta dube ta, ta dubi tukunyar da kajin, ta yi ta juya carbi ba tare da ta ja ba. Can ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwan zabi a ƙoƙo da ƙullin banda.

"Ban sani ba," ta ce, ba ta kalli Safinatu ba. "Wallahi ban san haka abin yake gare ta ba. Ki tafi da wanga, ko Allah ya sa a dace."

Safinatu ta karɓa. Ta tsinko ɗoɗɗoyar da Inna ta shuka a tsohon bokiti, ta kwashi dankali da tafarnuwa da albasa a madafi, ta ɗauko kwanon nan mai shuɗin baki da Inna da Alhaji ke ci a ciki. Duk kayan miya sun haɗu, sai ran miyar ne babu. Ta koma titi tana tunanin ko ta matsa lemon tsami, ko ta jiƙa tsamiya, alhali ta san yaudarar kai ce. Matar da ke gane gishirin da aka ƙara bayan an sauke tukunya ba za a ruɗe ta da tsamiya ba.

An yi azahar lokacin da ta sauka a Bodinga. Azumi ya fara cin ta, leɓɓanta sun bushe, kanta na sarawa. Ta yanke ta wani lungu don ta rage hanya, sai wani wari ya tare ta har ta tsaya cak. Shi ne, ko ɗan'uwansa na jini. Ta bi shi da hanci har cikin wani gida mai ƙofar langa-langa, ta yi sallama tana ciki.

Wata mace mai jiki, hannuwa duk gasara, tana tsiyaye ruwa daga babbar roba zuwa kwamin tumaki. Indo ce mai koko, wadda Safinatu ke sayen kokon safe wurinta a ƙofar asibiti tun da aka kwantar da su.

"Tsaya, don Allah, kar ki zubar."

Indo ta ɗago a tsorace. "Lafiya? Ke ba mai jinyar Baturiya ba ce?"

"Ni ce. Ruwan nan kwanansa nawa?"

"Wanga? Ya kwan biyu, ya wuce na koko, shi ya sa nake ba dabbobi. In na tuwo kike so, ga na jiya can."

"Wannan nake so. Wanda ya fi tsami."

Ta faɗa mata komai a tsaye, maganar na haɗewa da kuka, da robar hanci da ɗaurin hannu da tukunyar da kaji ke sha. Indo ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Ta kore tumakin da ƙafa, ta jawo murhu, ta tura itace.

"Zauna ki yi abinki nan. Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne."

Safinatu ta tsuguna gaban wuta tana laluben abin da idonta ya gani shekara da shekaru daga nesa, hanci a toshe. Ashe ido na ajiya ko mai shi bai sa shi ba. Ta soya albasa da man shanu har ta yi ja. Ta zuba ruwa da banda da dankali. Ta daka tafarnuwa da yawa, ta tuna Inna kan ƙara bayan ta ce ya isa, ita ma ta ƙara. Da dankalin ya yi laushi, ta dama 'yar gasara cikin ruwan tsamin, ta zuba a hankali tana juyawa, miyar ta yi fari ta fara kauri. Ta murje ɗoɗɗoya tsakanin tafukanta yadda Inna ke yi, ta watsa.

"Koko da tafarnuwa da nama," in ji Indo tana ɓare ƙwan zabin da ta dafa mata. "Lallai Turawa sun ga ta kansu. Ɗanɗana mu ji."

"Ina azumi. Ko da ba na yi ma, da me zan gwada? Ban taɓa sa ta a baki ba."

"Shekara nawa kuna gida guda?"

Safinatu ta ci gaba da juya miyar. Indo ta lakata da yatsa ta lasa, ta yamutse fuska har idonta ya rufe.

"Ni dai ban san yadda ya kamata ta zama ba. Amma in tsami ake biɗa, an samu."

Ta ƙi karɓar ko sisi, ta ma ba ta kular da za ta zuba. Safinatu na fita ana kiran la'asar a masallacin tasha, ta sa gudu, mace da girmanta, kula a ƙirji, yara na kallo.

Inna na nan yadda ta bar ta, fuska a bango. 'Yar Kajiji ta girgiza kai, alamar babu wani canji. Safinatu ta juye miyar a kwano mai shuɗin baki, ta raba ƙwai biyu ta ɗora a kai, ta zagaya ta ɓangaren bangon ta durƙusa. Tururi ya tashi tsakaninsu. Wata mai jinya a can ƙarshen ɗaki ta ja tsaki ta ce wa ya shigo da ruɓaɓɓen abu.

Hancin Inna ya motsa. Ta buɗe ido, shuɗayen idanun nan da suka dushe, ta dubi kwanon, ta daɗe tana dubansa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Safinatu ta ɗebo cokali, ta hura, ta kai bakinta.

Inna ta datse leɓe.

"Inna, jurek ce. Taki ce. Ki yi wa Allah."

Ta sake kaiwa, tsohuwar ta kawar da kai. Ba ta ture ba, amma ba ta buɗe ba. Safinatu ta janye cokalin. Ta yi Shagari ta dawo, ta durƙusa a gidan mutane, ta ƙona yatsu, ashe duk a banza. Ta ji takun takalmi a bayanta, ta waiga, ga Sista Ladi da tire, robar a naɗe, da bandeji guda biyu na ɗauri.

"Ki yi haƙuri," in ji Ladi a hankali. "Likita na zuwa. Ki ɗan fita waje, ba sai kin gani ba."

Safinatu na shirin ajiye cokalin sai ta ji an kama wuyan hannunta. Hannun Inna ne, mai lafiyar, yatsu kamar tsinke amma riƙon da ƙarfi. Ta zaci turewa za ta yi, ta ƙanƙame kwanon. Sai tsohuwar ta juya cokalin a hankali, miya na ɗiga kan zanin gado, har ya fuskanci bakin Safinatu. Ta tsaya nan tana kallonta.

Sai yanzu Safinatu ta ga tabarmar Juma'a sosai. Inna ba ta taɓa fara kai cokali ba. Takan zuba, ta zauna ta harɗe hannu, sai Alhaji ya yi bismilla ya kurɓa ya gyaɗa kai, sannan ta ɗauki nata. A shekara arba'in, ko sau ɗaya ba ta ci miyar nan ita kaɗai ba, kuma mutum ɗaya ne tak a ƙasar nan ya taɓa yarda ya ci da ita.

"Ai tana azumi," in ji 'yar Kajiji, kamar Inna za ta ji.

Safinatu ta dubi taga. Rana na nan da sauranta, magariba da nisa. Don bakin nan ya buɗe ta ɗauki azumin, ta kai shi har nan da ƙishirwa da jiri. Ta dubi bandejin da ke kan tire, ta dubi hannun da ke riƙe da ita.

"Zan rama," ta ce. "Bismillahi."

Ta buɗe baki. Tsami ya doki dasashinta, tafarnuwa ta hau mata hanci, hayaƙin banda ya biyo baya. Ta haɗiye, ta gyaɗa kai yadda Alhaji ke yi.

Inna ta saki hannunta. Safinatu ta sake ɗebowa, ta hura, ta kai. Leɓɓan suka rabu. Rabi ya zube ta gefen baki, rabi ya wuce, duk suka ga maƙogwaron ya motsa. Tsohuwar ta lumshe ido tana juya harshe, ta ɗaure fuska irin yadda take yi wa mahauta, sannan ta yi magana, harshe a karye amma da Hausa.

"Gero ne. Ba dawa ba."

"Gero ne, Inna. Shi na samu."

Inna ta dubi kwanon, kamar tana shawarar ko ta yafe. Sai ta sake tura cokalin wajen Safinatu, don yanzu layinta ne.

Sista Ladi ta tsaya ta ga cokali na uku da na huɗu sun wuce, ɗaya nan ɗaya can, sannan ta ɗauki tirenta ta juya. Safinatu ta goge wa Inna haɓa da gefen hijabi, ta hau bakin gadon ta zauna sosai, ta daidaita kwanon a tsakaninsu. Wayarta na ta ruri a cikin jaka, ta san Abdulaziz ne, amma hannuwanta duka biyu na da aiki.

Ta juya wajen 'yar Kajiji.

"Baiwar Allah, ara mini cokali ɗaya."